Suga Lamba Huɗu

A gidan Alhaji Shu'aibu mai kilishi, da ke unguwar Yelwa a Garwa, an shafe kusan shekara biyu ana murnar saukar wata lamba. Lambar ta Iyatu ce, matar ƙaninsa marigayi Dawuda. Duk ranar da ta dawo daga asibiti da sabon sakamako, surukarta Hajiya Kaltumi takan sa a soya waina a raba wa maƙwabta. Iyatu ce mai soyawa. Ba a yarda ta ci ba.

Mutum biyu kaɗai suka san abin da lambar take nufi a gidan: mai lambar, da Alhaji.

Ita Iyatu, Madam Albertine ce ta yi mata bayani. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen nan da aka buɗe wa ƙofa ta bayan asibiti don kada a ga masu shiga. Mutuniyar Kudu ce da ta daɗe a Arewa, tana Hausa tana jefa Fulatanci da Faransanci inda Hausar ta ƙare mata. Ta ce ƙanjamau, wadda a nan ake kira sida, ita ta kashe Dawuda, kuma ƙwayarta tana jinin Iyatu, amma ba ta jinin 'yarta Mairamu. Ta ce a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu gadin jiki, ana ƙirga su, sunan ƙirgan sede-kat. Na mai lafiya yakan haura ɗari biyar. Na Iyatu ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Cutar tana cin masu gadin a hankali, saboda haka lambar ƙasa za ta riƙa yi. Idan ta faɗo ƙasa da ɗari biyu za a fara ba ta magani, kuma tun wannan shekara ta 2007 maganin kyauta ne.

"Kafin nan fa?" in ji Iyatu.

"Kafin nan ki ci abinci. Nama, wake, kifi, madara, duk abin da hannunki ya kai. Ke da ke gidan nama, madam, ba sai na koya miki ba."

Shi kuwa Alhaji, shi ya kai Dawuda asibiti a kwanakinsa na ƙarshe, a kunnensa likita ya faɗi sunan ciwon. Ranar da Iyatu ta dawo da lambarta ta farko, ya kira ta bayan gida inda ake shanya nama a kan gadajen kara, ya kori masu korar ƙuda, ya tsaya nesa da ita kaɗan.

"Iyatu, gidan nan da me muke ci?"

"Da kilishi, Yaya Alhaji."

"To. Yau a ji sunan ciwon nan a gidan nan, gobe ko kare ba zai shinshini kilishina ba, daga nan har Yawunde. Kin gane?"

Ya sa ta rantse ba za ta furta sunan ba. Sannan ya ƙara, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa idan maganar ta fita za ta koma Tibati wurin danginta, Mairamu kuma ta zauna gidan ubanta. A Tibati Iyatu ba ta da kowa sai wani kawu mai kamun kifi wanda ba ya ji sosai, ba ya kuma son ji.

"Amma in an ga ina zuwa asibiti, me zan ce?"

"An riga an ce suga ne ya kashe Dawuda. Ke ma suga ne."

"Ana ɗaukar suga daga miji?"

"Baƙin ciki ke kawo shi. Kin yi baƙin ciki ko ba ki yi ba?"

Ta yi.

Kuskuren Alhaji shi ne ya manta cewa akwai gwanar suga a gidansa. Mahaifiyarsa Hajiya Kaltumi ta fi shekara goma da ciwon, tana riƙe da shi kamar sarauta. Tana da na'urar awo da ya sayo mata a Kano, tana ajiye ta a jaka ɗaya da gwalagwalanta, da allura guda da take soka yatsa da ita har sai ta dakushe. Ta san duk abin da aka hana mai suga ci, ta haddace shi, tana kuma cinsa a ɗakinta: dabino a ƙarƙashin gado, alkaki a cikin kwalla, lemon kwalba a bayan randa. Lambarta ba ta cika sauka ƙasa da ɗari uku ba. Ita ce ta yi jinyar Dawuda da dafaffen zogale, kuma har gobe tana cewa da an kawo mata shi da wuri da ta tashe shi.

Da ta ji labari, ta sa aka kira mata Iyatu.

"Lamba nawa suka ce, 'yar nan?"

Iyatu ba ta shirya ƙarya ba, sai ta faɗi wadda take da ita. "Ɗari huɗu da sha biyu."

Hajiya ta yi salati. Ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa da wani abu da ya yi kama da girmamawa. "Ko ni ban taɓa kaiwa nan ba. Me suka kira shi?"

"Sede-kat."

Hajiya ta juya wajen ɗanta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, domin ɗan fari ne. Kafin ya je Makka tana ce masa "kai", da ya dawo ya sauƙaƙa mata. "Alhaji, kai ka yi boko. Mene ne sede-kat?"

Alhaji ya yi firamare har aji na ƙarshe. Ya gyara hula. "Faransanci ne, Inna. Se, wato shi ne. De, wato diyabet, suga ke nan. Kat kuwa huɗu. Suga lamba huɗu."

"Ni lamba biyu suka ce mini."

"Sabo ne. Bai daɗe da shigowa ƙasar ba."

"Komai sabo sai yara sun riga mu," in ji Hajiya.

Daga ranar ta karɓi jinyar. Ta hana Iyatu shinkafa, da tuwon masara, da kunu, da fura, da madara. Nama ma ta hana, saboda kitse. Abin da ya rage shi ne zogale ba mai, da shuwaka, da ruwan ganyen darbejiya kofi guda da safe, da tuwon dawa ɗan dunƙule wanda Hajiya ke aunawa da tafin hannunta. Makullin ɗakin girki ya koma bakin zaninta. Abin da ta kasa yi wa kanta shekara goma, ta yi wa surukarta ba tare da kuskuren rana ɗaya ba.

Iyatu ta tare Alhaji a zaure. "Yaya Alhaji, madam ta ce in ci nama."

"To wa ya hana ki?"

"Hajiya."

"Wa ya isa ya hana Inna abin da ta sa gaba? In na ce a ba ki nama, za ta tambaye ni dalili. Ki ɗan riƙa dabara."

Dabara ba ta da wurin shiga, domin aikin Iyatu a gaban Hajiya ake yin sa. Ita ke haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da citta da kanumfari da albasa da ɗan suga da ake tsoma naman a ciki kafin a sake shanya shi. Hannunta ne ya kai sunan kilishin gidan har kantunan Yawunde. Alhaji bai taɓa tunanin ɗauke ta daga aikin ba. Ya ji a rediyo cewa ba a ɗaukar sida ta abinci, ya riƙe wannan ilimin shi kaɗai tunda ya yi masa amfani. Hajiya kuwa takan kafa kujera a gefen baho, ta ce mai suga ba ta ɗanɗana labu. Ita take ɗanɗana mata. Da ludayi.

Bayan wata shida lambar ta zama ɗari uku da goma sha takwas. Ta Hajiya a safiyar ɗari uku da arba'in ce.

"Kin wuce ni," in ji ta, rabi murna rabi ƙorafi. Ta sa aka jiƙa shinkafar waina. Sannan ta ɗauko jakarta, ta kama yatsan Iyatu. "Kawo in gani da idona."

Alhaji yana can bakin rijiya yana alwala. Waɗanda suka gani sun ce tun yana yaro ba a ga ya yi gudu irin na ranar ba. Ya bar takalmi ɗaya a tsakar gida.

"Inna, tsaya. Na'urar nan jinin mutum ɗaya ta sani. In kika ba ta na wani rikicewa za ta yi, sai an kai ta Kano."

"Haka ne?"

"A jikin kwalinta aka rubuta."

Hajiya ta mayar da na'urar cikin gwalagwalai. Alhaji ya koma ya sake alwala daga farko.

Madam Albertine ba lamba kaɗai take dubawa ba. Takan ɗora Iyatu a kan sikeli, ta ja fatar idonta ƙasa ta ga ko da sauran ja, ta ce ta fito da harshe. Ta ce jiki yakan aiko da saƙo kafin lamba ta iso: nauyi ya ragu, jini ya yi ƙasa, harshe ya yi fari, ƙuraje masu zafi su ɗaure rabin ƙugu. Iyatu ta samu dukkansu, ɗaya bayan ɗaya, kamar an bi da ita layi.

A gida, Hajiya tana da fassarar kowanne. Ramewa, ta ce kitsen da ke riƙe suga ne yake narkewa. Ƙurajen ƙugu, ta ce yana ƙonewa ta fata. Gudawa, ta ce yana wankuwa. Ranar da ta ga farin da ya rufe harshen Iyatu, kira ta yi a zo a gani.

"Ga shi nan yana fita da kansa. Fari fat, kamar na kanti."

Labari ya zaga unguwa. Masu suga suka fara zuwa gaisuwa. Mama Halime, wata Bafulatana da ke bayan masallaci, wadda ita ma ta daɗe da ciwon kuma suna gasa da Hajiya a kansa, ta zo da ƙawayenta. Aka tsayar da Iyatu a tsakiya ana juya ta kamar atamfa a kasuwa.

"Bara fa ɗari huɗu take," in ji Hajiya.

"Wane dokta ne ke duba ta?"

"Dokta awo kawai yake yi. Aikin nawa ne."

Sakamako na uku ya zo da ɗari da tamanin da bakwai. Madam Albertine ta ce lokacin magani ya yi, amma sashen yana da ƙa'ida. Ba a ba mutum maganin sai ya zo da mai rakiya, wani na gidansa da ya san ciwon, wanda zai zauna a yi masa bayani, ya kuma riƙa tuna masa da sha. Ta ce sun sha ba mutane suna ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa, su sha yau su fasa gobe, har cutar ta saba da maganin.

"Wa ya sani a gidanku?"

"Alhaji."

"Bon. Kawo Alhaji."

Alhaji bai taɓa cewa ba zai je ba. Makon farko akwai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, kuma mutum ba ya sayen shanu ranar Lahadi ya warware kafin Laraba. Mako na biyu akwai kayan Yawunde da za a kai Ngaundere su kama jirgin ƙasa. Daga nan sai azumi ya matso, sai aka ce bayan salla. Bayan salla ya ce babur ɗinsa kowa ya san shi a Garwa, ba zai ajiye shi a bayan asibiti ba.

"Sai mu tafi a ƙafa, Yaya Alhaji."

"Fuskata fa? A gida zan bar ta?" Ya yi tunani irin na ɗan kasuwa. "Ɗari biyu suka ce, ko? Ai da kaɗan kika faɗo. Ki ƙoƙarta ki koma sama, a huta."

"Da zogale?"

"Zogale ma magani ne. A rediyo na ji."

Madam Albertine ta ce za ta zo gidan da kanta. Iyatu ta riƙe mata hannu ta roƙe ta kada ta zo, domin farar riga a ƙofar gidan daidai take da furta sunan. Sai madam ta ba ta ƙullin garin waken soya da masara irin wanda ake ba waɗanda suka rame, ta ce ta riƙa damawa. Hajiya ta gano ƙullin a rana ta biyu. Ta lasa, ta ji zaƙi, ta ce 'yan asibitin nan so suke su ɓata mata aiki. Ta ƙwace. Ya ishe ta karin kumallo na mako uku.

Iyatu ta daina haɗa labu a tsaye, ta koma yi a zaune, daga baya a jingine. Da safe takan bi Mairamu da ido har ta fita makaranta, sannan ta yi lissafin da ta saba. In ta yi magana, za a raba ta da yarinyar a sa ta motar Tibati. In ta yi shiru, za a raba ta da yarinyar a sa ta makara. Bambancin hanya ce kawai, kuma ta Tibati ta fi ramuka.

Sakamako na huɗu ɗari da huɗu ne. Madam Albertine ta faɗi lambar, ta cire tabarau. A gida Hajiya ta rangaɗa guɗa. Likitanta ya taɓa gaya mata cewa sugan mai lafiya wajen ɗari yake, lambar da ita ba ta taɓa gani ba sai a jikin kuɗi. Ta ce wannan ta wuce waina. Sadaka za a yi, ranar Juma'a bayan la'asar.

Aka dafa shinkafa da naman sa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Aka kira Goni, malamin unguwa, ya yi addu'a, ya zauna da Alhaji a bakin zaure ta ciki. A gefensu kan kujera akwai Madam Jacqueline, wadda ke sayen rabin kilishin gidan tana kaiwa kantunan Yawunde. Ta zo ɗaukar kaya ne, ta tarar da biki, aka ba ta faranti. Katan-katan ɗinta suna jere a jikin bango, an ɗaure su. Iyatu kuwa an sa mata atamfarta mai kyau, an kama ta da allurar kwalliya a wurare uku don kada ta zame. A gabanta an ajiye zogale.

"Kada sugan ya dawo," in ji Hajiya.

Mama Halime ce ta ɓata taron. Ta cinye namanta, ta goge hannu, ta ce, "Mu dai lamba muke ji, Hajiya. Ba mu gani ba."

"Me kike nufi?"

"Ba komai. Na ce dai da kunne muke ji."

Hajiya ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da jakar gwalagwalai.

"Inna," in ji Alhaji daga bakin zaure, "na'urar nan fa…"

"Ta rikice. Ka kai ta Kano. Yau sai an gani."

Iyatu ta saba janye hannu. Yau ta gaji, ta miƙa yatsa. Hajiya ta soka, ta matsa, ta matsa, da kyar ɗigon jini ya fito, shi ma ba ja sosai ba. Mata suka matso suka haɗa kai a kan na'urar. Ta yi ƙara. Sittin da takwas.

"Ba ɗari da huɗu kika ce ba?" in ji Mama Halime.

"Haka asibiti suka ce."

"To ko dai asibiti, ko dai na'urarki. Ɗaya ta rikice."

"Na'urata ba ta ƙarya. Bari in gwada nawa, shi na san shi kamar sunana."

Hajiya ta sa sabuwar takardar awo. Ta ɗana allurar nan guda, wadda ta fito daga yatsan Iyatu yanzu yanzu. Ta zaɓi babban yatsanta na hagu tana murza shi don jini ya taru.

Iyatu ta dubi Alhaji. Tsakaninsa da mahaifiyarsa bai kai rabin tazarar da ya taɓa gudu da takalmi ɗaya ba. Ya dubi yatsan. Ya dubi Madam Jacqueline. Ya dubi katan-katan ɗin da ke jikin bango.

"Inna," in ji shi, "ki bari sai an gama cin abinci."

"In an ci abinci ai hawa take. Kai ma ka sani."

Alhaji ya gyara hula.

Duk ƙarfin da ya rage a jikin Iyatu a hannun dama yake, hannun labu. Da shi ta kama wuyan hannun Hajiya.

"Hajiya, kada ki soki kanki da allurar nan."

"Don me?"

"Jinina na jikinta."

"To jininki guba ne?"

"Sida ce da ni. Ita ta kashe Dawuda. Yaya Alhaji ya sani tun ranar farko."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ita. Amma tsakar gidan ba ta da girma. Goni yana riƙe da loma a tsakanin faranti da baki. Ya yi nazari, ya ga mayar da ita ya fi muni, ya kai ta baki. Mama Halime ta ture farantinta gaba da ɗan yatsa, bayan ta riga ta cinye abin da ke ciki. Madam Jacqueline ta dubi agogo ta faɗi wani abu da Faransanci game da motar Ngaundere.

Hajiya ba ta saki allurar ba sai da Iyatu ta zare ta daga hannunta.

"Lambar fa?"

"Ta masu gadin jini ce. Sama ake so ta yi."

"Sama."

"Sama, Hajiya."

Hajiya ta dubi zogalen da ke gaban Iyatu. Ta daɗe tana dubansa. Da ta yi magana, ba da kowa take ba. "Dawuda romo ya riƙa roƙona. Romo kawai. Na ce ya yi haƙuri sai ya sauka."

Sannan ta juya wajen zaure.

"Shu'aibu."

Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Shi kansa mai sunan sai da ya waiga ya ga ko da wani a bayansa.

"Da ka bar ni na soka?"

"Ai na ce ki bari sai an ci abinci, Inna."

Hajiya ta tashi, ta je ta ɗauke kwanon naman da ke gabansa da Goni, ta kawo ta dire gaban Iyatu. "Ci." Iyatu ta ɗauki tsoka ɗaya, ta kasa haɗiyewa, domin farin da aka yi wa murna ya gangara har maƙogwaro. Romon kawai ta iya sha.

Ranar Litinin Hajiya ta sa mayafinta na zuwa biki ta raka ta asibiti. Ba ta bi ta baya ba. A babbar ƙofa ta tsaya ta tambayi mai gadi, da muryar da take kiran masu tallan itace, ina ne wajen masu sida. A gaban Madam Albertine ta zauna ta saurari bayani har ƙarshe, ta maimaita lokutan shan magani ba kuskure. Ba ta nemi gafarar kowa ba. Ƙorafi ta kawo.

"Ku da karatunku, me ya sa kuka yi lamba a juye? Duk lambar da na sani a asibiti ƙasa ake so. Suga ƙasa, hawan jini ƙasa, zazzaɓi ƙasa. Sai wannan."

Madam Albertine ta ce za ta kai maganar gaba. Ta kuma roƙi Hajiya ta ba ta yatsa, tunda an zo. Ɗari uku da sittin da ɗaya.

"Jiya biki muka yi," in ji Hajiya, ko da yake bikin ya kwana uku.

Alhaji ya cika alkawarinsa, ya aika a tambayo motar Tibati. Hajiya ta aika masa cewa gidan na mijinta ne, kuma in akwai mai hawa mota ba Iyatu ba ce. Madam Jacqueline ta ɗauki kayan ranar, ba ta sake aikowa ba. Wasu gidaje a unguwar suka daina karɓar kwano daga gidan. Aka ɗauki wata mata daga Mokolo ta riƙa haɗa labu don a kwantar wa masu saye da hankali, sai waɗanda ba su ji labarin ba suka fara cewa kilishin Alhaji ya canza. Hajiya ta ɗanɗana sau ɗaya ta ajiye ludayi.

Wata shida da fara magani lambar Iyatu ta kai ɗari da saba'in da ɗaya. Madam Albertine ta ce yana da kyau, amma wanda ya fara daga can ƙasa a hankali yake hawa, wani ma ba ya komawa inda ya baro. Ta ce da an zo tun ana ɗari da tamanin da bakwai, da tsoka a jiki, da labarin ya bambanta. Iyatu har yanzu takan huta sau biyu kafin ta kai Mairamu bakin titi. Hajiya ta sa aka soya waina. Wannan karon wata ce ta soya, Iyatu ta fara ci, Hajiya na tsaye a kanta da makulli a bakin zani tana ƙirga lomominta.

Ba wanda ya taɓa dukan Iyatu a gidan nan, ba wanda ya zage ta. An kula da ita safe da yamma, an kira maƙwabta sun taya ta murna, an yi mata addu'a. Alhaji yakan faɗi haka a kasuwa, kuma gaskiya yake faɗa. Yakan ƙara da cewa shi bai hana ta komai ba, bakinta ne ya kashe masa ciniki bayan duk alherin da aka yi mata. Wani baƙo ɗan Kano da ya tsaya sayen kilishi kwanan baya ya yi masa ta'aziyyar ƙaninsa, ya tambayi abin da ya same shi.

"Suga," in ji Alhaji, yana naɗe masa a takarda.

"Allah sarki. Nima ina da shi. Lamba ɗaya ko biyu?"

"Huɗu."